Gayyar Fasassun Tayil

A birnin Niyok, a bakin kogin Hudson, akwai kabarin Ulysses Grant, shugaban Amurka na 18. Gini ne na farin dutse mai manyan ginshiƙai, an buɗe shi a 1897, fuskarsa a murtuke yadda ya dace da kabarin janar. Sai kuma ga wani benci na kankare ya yi masa ƙawanya ta baya da gefuna, yana lanƙwasa, yana tashi yana sauka, tsawonsa ya kai ƙafa 400. An lulluɓe shi kakaf da gutsattsarin tayil kala-kala. Ga motar tasi, ga dabbobi, ga tutoci, ga fuskokin mutane, wasu zanen gwani, wasu kuwa ko makaho ya shafa ya san hannun yaro ne.

Pedro Silva, mai zane ɗan asalin ƙasar Chile, shi ya jagoranci aikin tare da wata ƙungiya mai suna CITYarts. An fara a 1972, shekara 100 cif bayan Grant ya sa hannu a dokar da ta kafa gandun dajin Yellowstone, aka kuma ɗauki kusan shekara uku ana yi. Ɗaruruwan yaran unguwa da manyansu ne suka jera tayil ɗin, mutanen da yawancinsu ba su taɓa riƙe kayan aikin ba kafin ranar da suka zo.

Yau irin wannan aikin gayya ya zama ruwan dare a jami'o'i da makarantun Amurka da wasu ƙasashe. Jami'a takan gayyato mai zane ya zauna da ita na zangon karatu ɗaya ko shekara guda. Ta ba shi masauki, da ɗakin aiki, da alawus, da ɗalibai. Shi kuma ya tara mutanen gari, su yi wa wani bango ado da mozayik, wato zanen da ake haɗawa da ƙananan gutsattsarin tayil, gilashi, tangaran ko dutse. In an gama sai a yi biki, a yanke kyalle, a ce jama'a ne suka yi. Gaskiya ne, jama'a ne suka yi. Amma ni abin da ke burge ni shi ne aikin mutum ɗayan nan da ba a cika ganin hannunsa a bangon ba. Ko a gayyar noma, sai an sami wanda ya ja kunyar farko ta miƙe, sauran su bi. In ta karkace, gonar duka ta karkace, komai yawan garemani.

Makonnin farko mai zanen ba ya taɓa tayil. Zama yake da mutane: a ɗakin karatu na unguwa, a makarantar firamare, a gidan kula da tsofaffi. Yana raba takarda da fensir, yana saurare. Wannan na son a sa tsohuwar masana'antar da aka rufe, waccan na son kogi, yara na son dodo da ƙwallo. Zai tashi da tulin zane-zane da ba su da dangi da juna, kuma kowa na sa ran ganin nasa. Daga cikin wannan hargitsin zai fitar da zane guda, ya faɗaɗa shi a takarda daidai da girman bangon, taƙi bisa taƙi.

A nan yake yanke hukunci biyu da ba kowa ke lura da su ba. Na farko, ya rage launuka. In ka bar mutane da akwatin tayil mai kala talatin, kowa zai zuba talatin ɗin a ɗan yankinsa, bangon ya fito kamar an yi ɓarin fenti. Na biyu, ya tsara haske da duhu. Daga tsallaken titi ido ba ya fara ganin ja ko kore. Abin da yake fara gani shi ne inda ya yi haske da inda ya yi duhu. Jan tayil da koren tayil masu duhu iri ɗaya, in an jera su kusa, daga nesa narkewa suke su zama abu guda. Shi ya sa za ka ga gwani ya ja da baya, ya kanne ido yana duban aikin, ko ya ɗauki hotonsa da waya ya mayar da shi fari da baƙi. In tsuntsun ya ɓace a cikin ganye, to an yi kuskuren zaɓe, a sake.

Abin da ya sa ma ake iya raba irin wannan aiki ga hannu da yawa, wata dabara ce da ta yi ƙarfi a ƙarni na 19. A da, mai mozayik kan hau dandamali ya riƙa dasa gutsure ɗaya-ɗaya a ɗanyen shafe, a jikin bangon kansa. Haka aka yi wa cocin San Vitale na Ravenna, a Italiya, wanda aka keɓe a shekara ta 547. Aiki ne mai cin lokaci da kuɗi. Sai wani Ba'italiye, Gian Domenico Facchina, ɗan ƙauyen Sequals, ya shahara da wata hanya: a jera gutsattsarin a kife a kan takarda da gam mai narkewa a ruwa, a cikin ɗakin aiki, sannan a ɗauko takardar a manna a bango, a jiƙa ta a ɓare. Da ita ya yi adon babban gidan wasan opera na Faris da aka buɗe a 1875, farashin aikin ya faɗo ƙasa warwas. Yankinsu har yau bai saki sana'ar ba. A Spilimbergo, kusa da ƙauyen nasu, akwai makarantar mozayik da aka kafa a 1922, inda ake shekara uku ana koyo. A riƙe wannan shekara ukun a zuci, domin mai zanen gayya minti ashirin yake da shi ya koya wa baƙo abin da zai fara da shi.

Aikin kife yana da wuya ga sabon hannu, tun da ba ka ganin fuskar abin da kake yi. Don haka ayyukan jama'a suka fi bin wata hanyar. A shimfiɗa zanen a tebur, a rufe shi da farar leda, a ɗora wata siririyar raga ta zaren gilashi a kai. Zanen na bayyana ta cikin ragar, mutum yana manna tayil fuska a sama, yana ganin abin da ke fitowa. Wasu kuma sukan jera ba gam, in sun gama su shimfiɗa leda mai danƙo a kan fuskar aikin, ta ɗauke shi gaba ɗaya. Ko wacce aka bi, ana yanka babban zanen gida-gida, kowane yanki bai wuce abin da mutum ɗaya zai ɗaga da hannu biyu ba, a sa masa lamba. Gwani ba ya yanka shi murabba'i-murabba'i. Yana bin layin zanen ne, gefen ganye, bakin kogi, kafaɗar mutum, don in an haɗe a bango kada a ga mahaɗa.

Ko zancen gam ɗin nan kaɗai ya isa ya kashe bango. Sabon hannu yana son ya lafta shi da yawa don abu ya kama. Amma gam riƙon ƙwarya kawai yake yi. Siminti ne zai riƙe tayil ɗin shekara da shekaru, kuma sai ya ratsa ta idon ragar ya taɓa bayan tayil. In gam ya toshe ragar, siminti ba shi da hanya, farin gam kuwa laushi yake yi in ya sha ruwa. Damina biyu ko uku, sai a fara tsintar zanen a ƙasa. Za ka ji mai zane yana ta maimaitawa a kan kowane tebur: ɗigo ɗaya, a tsakiya.

Kayan yankan tayil wata filaya ce mai gajeren baki mai ƙarfi. Duk wanda ya fara riƙe ta, tura tayil ɗin yake can cikin bakinta ya matsa da ƙarfin tsiya, tayil ya tarwatse ya zama gari. Sai a nuna masa. Ɗan gefen tayil kawai za ka ciza, abin da bai wuce milimita biyu ko uku ba. Ka riƙe filayar daga can ƙarshen ƙotarta, ka rufe da ɗaya tafin don kada tsini ya yi tsalle, ka saita bakin ya dubi inda kake son tsagin ya bi. Ka matsa. Sai ka ji ƙas, ya rabu biyu a kan layin da ka nufa. Fuskar mutum takan canza a wannan lokacin, babba ne ko yaro. Daga nan da ƙyar za ka raba shi da filayar.

Yanka ba shi ne wuyar ba, jeri ne. Gutsattsarin nan ba zube suke ba, tafiya suke yi a layi, kuma tafiyar layin ita ce zanen. In layukan suka bi lanƙwasar reshe, reshe ya yi rai. In suka tsaya a miƙe kamar jerin bulo, ya zama katako. Don a juya kwana, sai an datse gefen kowane gutsure ya zamana kansa ɗaya ya fi ɗayan faɗi, in ba haka ba tazarar da ke tsakani ta buɗe baki ta waje ta matse ta ciki. Ita ma tazarar so ake ta daidaita, kamar milimita biyu zuwa uku ko'ina. Akwai kuma tsohuwar dabarar da aka gada tun zamanin Rumawa: a zagaye siffa da layi ɗaya ko biyu na launin fili, suna bin jikinta sau da ƙafa, kafin a cike sauran. Wannan ɗan zagayen ne ke sa kifi ya fito daga ruwa, ya daina nutsewa a ciki.

To, ya za a yi da mutum ɗari da ba su san wannan ba? Gwani yana raba aikin ne bisa nauyinsa, ba tare da ya faɗa wa kowa an auna shi ba. Ido, baki, yatsu da rubutu, waɗannan yana riƙe su, ko ya ba ɗaliban da suka daɗe tare da shi, domin gutsure ɗaya ya kauce a ido, fuskar duka ta zama ta wani. Layin gefe ma sau da yawa shi ke jerawa da daddare, bayan an watse. Da safe mutane su tarar da iyaka a shate, su cike ciki yadda ransu ke so. Sama, ruwa, ciyawa, riga, nan ne filin kowa. Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba a ranar biki: yakan bi bayan aikin ya gyara. Sai dai gyaran ma da ladabinsa. In ya cire duk abin da ya karkace, ya mayar da jama'a leburorin zanensa ke nan. In ya bar komai, bango ya watse. Yakan cire abin da zai faɗi ko zai yanki hannu, ya daidaita inda aikin mutum biyu ya haɗu, ya bar wa yarinya karkatacciyar furenta a yadda ta yi ta, don ita za ta zo nema.

Silva ya bi wata hanya dabam a bencin Niyok. Bai tilasta wa kowa hoto guda ba. Kowa ya kawo nasa ƙaramin zane, sai aka bar siffar bencin da tayil ɗin da ke cike tsakanin zane da zane su ɗaure su wuri ɗaya. Ba kowa abin ya yi wa daɗi ba. Masu kishin martabar kabarin sun daɗe suna cewa wasan yara ne a wurin da ya kamata a yi tsit, kuma dab da bikin cikar ginin shekara 100 a 1997, hukumar da ke kula da wurin ta yi yunƙurin kawar da bencin. Mutanen unguwa suka tashi tsaye, aka fasa. A 2008 Silva ya dawo ya jagoranci gyaransa. Ina ganin bangon da kamfani ya yi da kwangila da wuya ya sami masu tsaya masa haka.

Akwai ilimin kaya kuma, wanda ba ruwansa da kyau. Farin tayil na bangon banɗaki yana shan ruwa fiye da kashi 10 cikin 100 na nauyinsa. Tayil ɗin tangaran mai gashin wuta sosai bai kai rabin kashi ɗaya ba. A ƙasashen sanyi wannan bambanci shi ne komai, domin ruwa yana kumbura da kusan kashi 9 cikin 100 in ya daskare. Ya shiga tayil da rana, ya zama ƙanƙara da dare, ya ɓalle fuskar. Mai zane ya san haka, amma mutane sukan zo da kayan da ke da tarihi a wurinsu. Tsohuwa za ta kwance ƙyalle ta fito da kofin shayin marigayi mijinta, ta ce a sa. Yana dubawa ya san yumɓun mai laushi ne, hunturu ɗaya zai cinye shi. Ba zai ce a'a ba. Zai ce, "Mama, wannan ai ba na ƙasa ba ne, kawo mu sa shi can ƙarƙashin rumfa inda ruwa ba ya duka." Ta tafi da murna, bangon kuma bai yi asara ba.

Ranar ɗorawa aikin magina ne zalla. A wanke bango, a kankare tsohon fenti, a ja layi da ma'aunin ruwa. A shafa simintin tayil da cokali mai haƙora, ɗan yankin da za a iya rufewa kafin ya fara bushewa, a ɗauko yanki mai lamba ɗaya a manna, a danna da faffaɗan katako don fuskar ta daidaita. A bakin kowace mahaɗa an bar 'yan gurabu da gangan. Waɗannan a jikin bango ake cike su da hannu, gutsure ya haye daga wannan yanki zuwa wancan, ɗinkin ya ɓace. Saman bangon kuma sai an yi masa murfi, don ruwan da ya sami hanya ta bayan tayil ya fi wanda ya doki fuskarsa ɓarna.

Sai ciko. Bayan kwana ɗaya ko biyu, in siminti ya kama, ake dama wani siminti mai laushin yashi, da kauri, ya tsaya a kan cokali bai zuba ba. A sa safar hannu, don siminti na cin fata, bakin tayil kuma na yanka. Sannan a kwashi cikon a lafta a kan zanen gaba ɗaya, a murza shi cikin kowace tazara. Aikin wata uku ya ɓace ƙarƙashin taɓo a gaban waɗanda suka yi shi. Wanda bai taɓa gani ba sai cikinsa ya ɗuri ruwa. Gwani kuwa agogo yake dubawa, yana taɓa cikon da yatsa. In an yi gaggawar gogewa, soso ya kwashe cikon daga cikin tazara. In an yi jinkiri, ya daskare a kan tayil, sai da kankara. Tsakanin minti goma sha biyar zuwa rabin sa'a, gwargwadon zafi da iska, sai ya ce a fara. Soso a matse sosai, a ja shi a karkace, a juya, a wanke, a sake. Ruwa in ya yi yawa yana raunana cikon ya kuma koɗar da launinsa. A ƙarshe a bi da busasshen tsumma a share ɗan hazon da ya rage, launuka su tashi.

Launin cikon nan shi ne hukunci mafi haɗari a aikin duka, don ba a janye shi. Fari yana farfasa hoto, ido ya riƙa bin layukan ya manta da zanen. Baƙi yana sa ja da ruwan ɗorawa su yi ƙyalli, amma yana datse fuska mai haske gunduwa-gunduwa. Toka-toka ya fi haɗe abubuwa, shi ya sa aka fi komawa gare shi. Mai hankali yakan yi ɗan gwaji a allo, ya raba shi uku, ya cike kowanne da launi dabam, ya jingina shi a jikin bangon a duba da safe da yamma. Ciko shi ne kuma ke rufa wa sabon hannu asiri. Tazarar wannan ta yi faɗi, ta wancan ta matse, amma da launi ɗaya ya bi ta cikinsu duka, sai su zama aikin gida ɗaya.

Me ya sa jami'a? Don tana da abin da unguwa ba ta da shi: ɗakin da za a bar tebura a shimfiɗe wata da watanni, tanderun sashen tukwane da ke haura digiri 1,200 in ana son mutane su gina nasu tayil da yumɓu, injiniyan da zai duba ko bangon zai ɗauki nauyin, da ɗaliban da za su dawo kowane mako. Sai dai ban yarda cewa kowace gayyata alheri ce zalla ba. Zangon karatu gajere ne, siminti kuwa bai san kalanda ba. Wani lokaci ana kiran mutanen gari ne bayan an gama zana komai, su manna 'yan gutsattsari a ɗauki hoto. Kuma tsakanin manyan jami'o'in Amurka da maƙwabtansu akwai tsohon miki na filaye. A Nashville, kusa da Jami'ar Vanderbilt, akwai wani wurin shaƙatawa da aka sa wa sunan Fannie Mae Dees, matar da ta yi ta fafutukar hana rushe gidajen unguwar a shirin sabunta birni da ya ba jami'ar damar faɗaɗa. A wannan filin ne, a farkon shekarun 1980, Silva ya sake tara jama'a suka lulluɓe wani ƙaton dodon ruwa na kankare da mozayik, har yau yara na hawa. Dodon bai dawo wa kowa da gidansa ba. Ma'aunina ga irin waɗannan ayyuka ɗaya ne: an ba mutane fensir tun farko, ko gam kawai aka miƙa musu a ƙarshe?

Sana'ar ma ba baƙuwa ba ce a Najeriya. Yusuf Grillo, wanda ya yi karatun zane a Zariya a shekarun 1950, ya yi suna da adon mozayik da gilashi mai launi a gine-ginen Legas. Kayan kuwa ga su nan jibge a bayan kowane gini da masu tayil suka gama aiki, ana biyan kuɗi a kwashe. Ƙanƙara ba ta damunmu, amma zafin rana na sa ciko ya bushe kafin ya yi ƙarfi, sai an yi aikin da sassafe ana yayyafa masa ruwa.

Wa'adin mai zane yana ƙarewa, ya haɗa jakarsa. Na kirki ba ya tafiya sai ya bar akwati: ragowar kowane launi na tayil, sunan cikon da lambarsa, taswirar bangon mai lambobi, da mutum biyu ko uku da ya koya wa gyara. Gyaran ba wuya. Sau ɗaya a shekara a bi bangon ana ƙwanƙwasawa da ƙotar cokali. Inda ya kama, sautin a toshe yake. Inda ya saki, sai ka ji fanko. A ɓanɓare wurin, a kankare tsohon siminti har a kai jikin bango, a mayar da gutsattsarin bisa tafiyar layinsu, a sake ciko. Sabon cikon zai fi na kewaye haske na ɗan lokaci, kafin ƙura da ruwan sama su daidaita su.